Zauren Manoma da Makiyaya: "Kura ta ɗauke min awaki uku, in sa mata guba?"

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan zaure. Kaka ta yi, hunturu ya fara leƙowa, kuma dama duk shekara in an kawo nan saƙonni sukan yi yawa, don yanzu ne amfanin gona ke shigowa gida, ɓera ya biyo hatsi, maciji ya biyo ɓera, ciyawa kuma ta fara ƙarewa dabbobi su riƙa nisan kiwo. Na zaɓo guda 6 cikin waɗanda suka shigo, wasu na ɗan rage musu tsawo amma ban canza maganar kowa ba.

Daga wani makiyayi a yankin Duguri, Alkaleri: Salam Malam dan Allah shawara nake nema, wata biyu kenan kura ta addabe mu a ruga ta ɗauke min awaki uku da ɗan maraƙin maƙwabcina, cikin dare take zuwa muna barci sai dai da safe mu ga sawu da jini, to wani abokina yace in samu maganin ƙwari na gona mai ƙarfi in barbaɗa a ragowar naman in ajiye mata a hanya, yace shi haka yayi ya huta, nidai zuciyata bata kwanta ba shi yasa nace bari in tambaya tukun. Ina da karnuka biyu amma a gindin bukka suke kwana ba ruwansu da garke.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya mayar maka da alheri, awaki uku ba ƙaramar asara ba ce ga mai kiwo, na san a ciki akwai kuɗin taki, akwai kayan sallar yara. Amma don girman Allah kar ka sa gubar nan. Bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Shekarun baya an taɓa kirana wata ruga, saniya ta mutu musu sai suka zuba wa mushen magani don kura. Da hantsi muka isa. Abin da muka fara tararwa angulaye ne zube kewaye da mushen sun fi goma, wasu sun riga sun sandare fukafukai a baje, wasu da sauran rai suna jan wuya a ƙasa. Can gaba karen mai rugar ne, karen da ya shekara biyar yana bin shanunsa, ya ja ciki har bakin rafi ya mutu kansa cikin ruwa, kuma rafin nan shi matan rugar ke ɗiba. Dattijon ya zauna a kan dutse ya dafe kai bai ce uffan ba, ƙaramin ɗansa na ta jan kunnen karen wai ya tashi. Kurar kuwa, ba a yi sati ba ta dawo. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Kuma maganar angulu ba ƙarama ba ce. Kai ka tuna, yaushe rabonka da ganin angulu a mahauta kamar da? Tun 2015 masana suka sa irin angulun nan tamu ta mahauta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma guba na cikin manyan dalilai. Ita ce ke share mushe kafin ya ruɓe ya zama cuta. A Indiya, a shekarun 1990, angulayensu sun kusa ƙarewa saboda wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allura, mushe ya riƙa kwana a fili, karnukan da ba su da mai su suka yawaita, cizo ya ƙaru. Sannan kai maƙwabcin Yankari ne, dajin da aka keɓe tun 1956, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, zakunan da suka rage a ciki 'yan kaɗan ne, in ɗaya ya ci naman nan ya mutu, magana ta bar hannunka ta koma kotu. Ka je ka sanar da masu gadin dajin da mai gari cewa kura na yi muku ɓarna, a san da zancen.

Yanzu ga abin da ke aiki. Kura ba jaruma ba ce, mai neman sauƙi ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zagaya shingenka da rana ka duƙa ka duba ƙasa, don ta ƙasa take kutsawa ko ta tona, ba kasafai take tsallake ba. A yi shingen ƙaya mai kauri, magarya ko farar ƙaya, gindin reshen ya kalli ciki ƙayar ta kalli waje don kar ta samu abin kamawa ta ja, ƙofa kuma ta zama ƙofa ta gaske, ba reshe ɗaya da ake jinginawa ba. In wurin zama ne na dindindin a dasa dashi ko aguwa su zama shinge mai rai. 'Yan maruƙa da ƙananan awaki a sa su tsakiya. Mushe da mahaifar dabba in ta haihu a binne da zurfi nesa da ruga, warinsu ne ke gayyato ta. Fitilar sola mai walƙiya guda biyu ko uku a kusurwoyin garke tana taimakawa, a Kenya wani yaro ɗan ƙabilar Masai ya fito da dabarar don korar zakuna daga shanun babansa kuma ta bazu, sai dai a riƙa canza musu wuri don kar dabbar ta saba.

Karnukanka kuma ba laifinsu ba ne, inda ake ba kare abinci nan yake gadi. Daga yau a kai kwanonsu bakin garke, can za su ci can za su kwana. Amma in kana son karen garke na gaske, ɗan kwikwiyo za ka samu mai kamar wata 2, ka sa shi cikin awaki ya tashi da su, ya san warinsu, yara su rage wasa da shi, to in ya girma awakin nan su ne danginsa. A Namibiya tun 1994 ake raba wa makiyaya karnuka da aka rena haka don kare garke daga namun daji. Ba a son kare ya yi dambe da kura, za ta kashe shi, haushinsa ake so ya tashe ka ka fito da tocila. Kuma a ciyar da shi, tuwo, dusa, ɗan nono, da ruwa a ajiye kullum, kare mai yunwa shi ke fara cin ƙwan zabi daga nan ya koma 'yan awaki. Addini ma ya yarda da ajiye kare don kiwo da gona da farauta, to wanda ka ajiye yana yi maka aiki yana da haƙƙi a kanka.

Daga wata uwa a Dass: Malam yarona ɗan shekara 7 karen gonarmu ya cije shi a ƙwauri kwana huɗu kenan, ciwon ba wani babba bane haƙori biyu ne kawai, babansa ya sa mishi toka da gashin karen yace shikenan, to amma tun jiya karen ya canza yana dalalar da yawu yana cizon igiyar da aka ɗaure shi ko abinci baya ci, maigida yace zai kashe shi ya yar. Hankalina ya tashi.

Wannan baiwar Allah na amsa mata tun ranar da saƙon ya shigo, ban jira fitowar mujalla ba, kuma alhamdulillahi an kai yaron an fara masa allura. Na kawo tambayar nan ne saboda sauran iyaye.

'Yar'uwa, alamun da kika faɗa alamun haukar kare ne har sai an tabbatar ba ita ba ce. Cutar nan a yawu take, tana shiga ta ciwo ko da ƙarami ne, ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci sati ɗaya, wani lokaci har shekara, shi ya sa mutane ke sakin jiki don ciwon ya warke yaro na wasansa. Amma ranar da ta bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa yana firgita, to kusan ba wanda ke tashi, ko a Ingila ko a Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma yara ne suka fi shiga haɗari don su ke wasa da kare, su ne kuma ke ɓoye cizo saboda tsoron faɗa.

Abu na farko in kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa ana zubawa har minti 15, a duba agogo, minti 15 na da tsawo. Ba toka, ba barkono, ba gashin kare, ba ɗaurewa. Daga nan asibiti a ranar. Allurar ba ɗaya ba ce, akwai ta ranar farko, ta kwana 3, ta kwana 7, da abin da likita zai ƙara, kuma a cika su duka, na sha ganin wanda ya yi ɗaya ya ga ciwo ya bushe ya daina. In cizon mai zurfi ne ko a fuska ko wuya ko hannu, akwai wata allurar daban da ake yi a bakin ciwon, a tambaya. Na san kuɗinta da nauyi, a sayar da akuya a yi, wallahi ta fi akuya.

Karen kuma kar maigida ya yar da shi a bola, kar a sayar, kar kowa ya taɓa bakinsa. A kira ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma, su suka san yadda ake ɗaukar kan a kai gwaji cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, ga ta nan kusa da ku. Karen da ya yi cizo amma lafiyarsa ƙalau ana tsare shi kwana 10 a gani, sai dai ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. Makiyaya ku ma ku ji, saniya na kamuwa, za ka ga tana kuka ba ƙaƙƙautawa yawu na zuba kamar abu ya maƙale mata, kar ka zura hannu a bakinta. Duk wannan tashin hankali allurar rigakafi ta kare ke tare shi, daga wata 3 da haihuwa sannan duk shekara, in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari cutar kan mutu a garin. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ranar yaƙi da cutar ce a duniya, a irin lokacin akan samu gangamin allura, a riƙa sa kunne.

Daga wani manomi a Kirfi: Malam ɓeraye sun gama dani a rumbu da ɗakin ajiya, na sa shinkafar ɓera sau biyu kyanwata ta mutu kaji biyu sun mutu ɓerayen kuma suna nan, ga wata mujiya ta tare a tsohon rumbu yara na cewa a kashe ta.

Malam, mujiyar nan ita kaɗai ce ma'aikaciyar da ta rage maka tunda kyanwa ta tafi, a bar ta. Ɓera ne ya kawo ta, kusan kowane dare sai ta ci, in tana da 'ya'ya kuwa jigila take har asuba. Duba ƙarƙashin inda take kwana za ka ga wasu dunƙule-dunƙule baƙaƙe da take amayarwa, fasa ɗaya da tsinke, gashin ɓera ne da ƙasusuwa da ɗan ƙoƙon kai. A Malesiya akwatuna ake kafa musu a gonakin kwakwar manja don su zauna su ci ɓera. Camfin da ake yi da ita ba shi da tushe.

Kyanwarka kuma ɓeran da ya ci guba ta ci, haka abin yake tafiya. Ni tarko na fi so, guda 10 ba guda 1 ba, a jera su jikin bango don ɓera ba ya ratsa tsakiyar ɗaki, a sa ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi, kwana biyun farko kar a ɗana, bari su saba tukun. Ramuka a toshe da siminti. Rumbu a ɗaga shi a kan duwatsu, a share ciyawa da tarkacen kara da ke kewaye, buhuna kar su taɓa bango kar su taɓa ƙasa.

Abin da ya fi damuna ba hatsin ba ne, zazzaɓin Lassa ne. An fara gano shi a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma Bauchi na cikin jihohin da suka fi fama da shi tare da Ondo da Edo, ya fi tsanani daga Disamba zuwa wajen Afrilu, wato yanzu muke shiga. Wani ɓera ne mai nonuwa da yawa ke ɗauke da shi, shi ba ya ciwo, fitsarinsa da kashinsa ne ke zuba a abinci. Don haka shanya a bakin titi ko a ƙasa a bar ta ta kwana, a daina. Tuwon dare a rufe da murfi mai nauyi, garin tuwo a zuba a bokiti mai marfi ko duro. Yara su bar farautar ɓera in an ƙona daji. Mataccen ɓera ba a ɗauka da hannu, a sa leda a binne, kuma kafin a share ɗakin ajiya a yayyafa ruwa mai bilic don kar ƙura ta tashi. Duk wanda zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya kwana uku, ga ciwon maƙogwaro ga kasala, a tafi asibiti a faɗa musu akwai ɓera a gida, maganin ya fi aiki in an fara da wuri, kuma wasu ko sun tashi sukan rasa ji.

Daga wani matashi a Billiri: Baba muna da baƙin dutsen maciji a gida tun na kakanmu, shin in an ɗaure wurin an tsaga an manna dutsen ya wadatar? muna cirar gyaɗa yanzu kuma kububuwa tayi yawa.

Ɗana, bai wadatar ba, kuma ɗaurin da tsagar ɓarna suke ƙarawa. Kububuwa ba banza ake ce mata gobe da nisa ba. Dafinta hana jini daskarewa yake, mutum zai ga kamar ya samu sauƙi ranar farko, sai dasashi ya fara jini, fitsari ya yi ja, tsohon miki ya buɗe, wani jinin a ciki yake zuba ba a gani. To ka ga wanda jininsa ba ya tsayawa ka sa masa reza, me ka yi kenan? Ɗauri mai tsanani kuma shi ke kashe ƙafa har a kai ga yankewa. Dutsen ya yi suna ne don ba kowane sara ne maciji ke zuba dafi ba, wanda ya tashi sai a ce dutse ne.

Ku Allah Ya taimake ku, asibitin masu saran maciji na Kaltungo na kusa, daga jihohi maƙwabta ma can ake kawo mutane. A cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wuri ya kumbura, a ɗora ƙafar a kan sanda a naɗe sako-sako don kar ta motsa, a ɗauki mutum a mashin ko mota, kar ya taka da kansa. Ba sai an tsaya neman macijin ba. A can za su ɗebi jini a kwalba su ajiye minti 20, in bai daskare ba sun san dafi ya shiga sai a sa maganin dafi irin su EchiTAb da aka haɗa musamman don macizanmu. In gamsheƙa ce ta tofa a ido, ruwa mai yawa za a yi ta zubawa, haka ma in kare ta tofa wa.

Wajen cirar gyaɗa a sa takalmin roba mai tsawo, tarin gyaɗa ko kara da ya kwana a juya shi da sanda kafin a sa hannu, dare kuma ba fita ba tocila ko da bayan ɗaki ne.

Daga wani mai tumaki a Dukku: Kaska ta cika kunnen karena ance in shafa mishi Sniper ko baƙin mai, sannan tumakina biyu suna ta juyawa wuri ɗaya kamar masu hajijiya har ɗaya ta mutu.

Alhaji kar ka shafa ko ɗaya, fata na shanye su, na ga kare ya mutu cikin awa ɗaya a kan haka, wanda ya shafa ma sai da ya kwana yana amai. Je shagon maganin dabbobi ka nemi maganin kaska na wanka irin amitraz, a gauraya daidai yadda aka rubuta, a sa safar hannu, amma ba a yi wa doki da jaki da kyanwa da shi, ƙananan kwikwiyo ma a bari sai an tambayi likita. A share makwancinsa a ƙone shara don a can kaskar ke ƙwai.

Tumakin nan kuwa, akwai yiwuwar tambayoyinka biyu abu ɗaya ne. Akwai tsutsar ciki ta kare da ƙwanta ke fita a kashinsa ya zuba a ciyawa, tunkiya ta ci, sai ya je ƙwaƙwalwarta ya zama ƙullutu mai ruwa, shi ke sa ta juyawa. In ta mutu aka jefa wa kare kan, an sake shuka cutar kenan. A sa ma'aikacin dabbobi ya fasa kan wadda ta mutu ya duba, don akwai wasu cututtukan masu kama da haka. Kai da kayan ciki ɗanye a daina ba kare sai an dafa, a kuma ba shi maganin tsutsa mai praziquantel duk wata 3.

Daga wata 'yar kasuwa a Kumo: Malam buhu 15 na wake na saya zan ajiye zuwa bazara, wane magani zan zuba kar ya yi ƙwari?

Hajiya ba sai kin zuba komai ba. Maganin da ake yayyafa wa wake shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, kuma mu da 'ya'yanmu ne ke cin wanda ya rage. Ƙwayar bom da ake sa wa hatsi don ƙwari kuma iskarta na kisa, ba a ajiye ta a ɗakin da ake kwana ko jikinsa. Nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi. Waken ya bushe sosai har in kin ciza ya yi ƙas, a sheƙe shi, a hura kowace leda a ga ba ta da huji, a zuba, a matse iska, a ɗaure ta farko daban, ta biyu daban, buhun waje daban. Iska na ƙarewa ƙwarin ke mutuwa har da ƙwansu. Ki ɗora su a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kar a riƙa kwancewa ana ɗiba, wanda za a ci a gida a ware shi tun yanzu a jarka mai marfi.